Fuskata a Jarrabawar Malam

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidanki da yara. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, na fara sabawa da ƙauyen. Gona har bakin ƙofa.

Yaya, ashe karatun jami'ar da maigidana Malam yake yi duk a waya ne. Malamansu suna birni suna magana, shi yana nan yana ji. To abin da suke cewa sabis babu shi a ƙasa, sai a saman ɗakina. Kullum sai ya kafa tsani ya ɗaga murya za a hau, matan maƙwabta su shige ɗaka. Mai gyaran rufi yakan gama ya sauko, shi kuwa tun hantsi har azahar. Matan maƙwabcinmu Baba Nababa ba daka ba shanya. Baba Nababa ya kai ƙara gun mai unguwa, aka ce kar namiji ya ƙara hawa. Wallahi ban ga laifinsu ba. Amma jarrabawar ƙarshe ta matso, in ta wuce shi wahalarsa duk ta tashi a banza. Malam ya ce in ranar ta zo, garin Shanono zai je ya yi, can akwai sabis.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Amsa

Yaya Huseina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara? Mu dai da sauƙi.

Ranar jarrabawar aka tashi da ruwa, rafi ya ciko, ko babur bai ƙetare ba. Malam ya zauna a gindin tsani ya riƙe kai. Na ce masa ai ni mace ce, ba a hana ni ba. Ya nuna min inda zan danna, na ɗaure zani na hau. Wayar ta yi ta juyi, sai ga fuskata a ciki, har na gyara ɗankwali. Da tambayoyin suka fito na sauko masa da ita ya rubuta, na koma na tura. Ranar har kaza muka yanka.

Ashe wayar hoton wanda ya buɗe take ɗauka. Shekaranjiya saƙo ya zo, wai wata mata ce ta yi masa, sun soke, ƙila ma su kore shi. Ya je Shanono ya rubuta musu, ba wanda ya amsa. Ya kira, ba a ɗauka. Bai yi min faɗa ba, Yaya, gara ma ya yi.

Ke kina birni. Don Allah ki tambaya min, makarantar nan tana da ƙofa? In akwai mutum a ciki, a kai ni gabansa, ya miƙo min takardar turancin. Zai gani da idonsa ko layi ɗaya ba zan iya karantawa ba.

Ki gaida Inna, kar ki gaya mata.

Taki,
Amsa