Riƙe, Kada Ta Motsa

Zuwa ga Rut, sanyin idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da nake gudowa in rana ta take a bakin boda,

Bayan gaisuwa mai yawa. Jiya Dabora, abokiyar aikinki a asibiti, ta tsaya a shagona na taya a nan Jibiya ta ce an sake ba ki canjin wurin aiki zuwa Zonkwa, kusa da Mamanki, kuma wannan karon ran Litinin za ki sa hannu. Wayyo Rut! Da wane baki zan ce ki tsaya? Ba yau kika fara mayar da irin wannan dama saboda ni ba, ni kuwa me na ba ki? Kalmar Turanci ɗaya tak. Duk ranar da kika ɗauko maganar aure sai in gyara zama kamar wani babban kwastan, in ce ki bari kasuwa ta yi stabilise, wato ta daidaita. Da aka rufe boda na ce sai an buɗe. Da aka buɗe na ce sai manyan motoci sun dawo sayen taya. Allah ya sani, tsoro ne kawai na sa wa rigar Turanci.

Kin tuna ranar kasuwa da muke dawowa daga Magama, muka tarar da ɗan kabu-kabu ya faɗi da buhunan gero, ƙafarsa ta karye? Jama'a sun kewaye shi suna ta salati. Ke kika karyo karan dawa, kika kwance ɗankwalinki sabo fil, wanda na sayo miki a Maraɗi, kika dube ni kika ce, "Obadiya, riƙe, kada ka bari ta motsa." Na riƙe, hannuna na rawa, naki ko gezau. Ban taɓa ganin kyakkyawa irinki a ranar ba, kanki ba ɗankwali, goshinki duk gumi.

A hanya kika ce mini abin da kuke nufi da kalmar nan tawa ta stabilise a asibiti ke nan: a tsayar da jini, a tallafi ƙashi, a daidaita numfashi, don mutum ya isa Katsina da ransa. Kika ce ba warkewa ba ce, riƙewa ce, kuma ba zama ake a jira ta ba, hannu ake sawa. Sai kika yi shiru. Na gane sarai, masoyiyata, na yi kamar ina duba ramukan hanya. Wannan shirun naki shi ke cina har yau. Damina nawa ta wuce kina riƙe da ni ke kaɗai, ni ina ta lilo kamar bencin ƙofar shagona?

Ba zan roƙe ki ki ƙi tafiya ba, ba ni da wannan hurumi. Sa hannu, farin watana, Mama na bukatarki. Amma na je wurin Baba Musa, dattijon cocinmu, ya wanke ni tas, sannan ya yarda zai raka ni gidanku neman aurenki ran Asabar. Kasuwa ba ta daidaita ba, tayoyina suna nan jibge, haka zan je. In ta kama in kwashe su in biyo ki, ai motocin Zonkwa ma ba a iska suke tafiya ba.

In kin ce na makara, ba ki yi ƙarya ba, kuma ni zan ɗaure miki kaya a mota da hannuna. In kuwa da sauran wuri, ki ce mini "riƙe" sau ɗaya kawai. Hannuna zai yi rawa, na sani, amma ba zan saki ba.

Naki, a Jibiya ko a Zonkwa, har ranar da numfashi ya ƙare,
Obadiya