A Dawo Mana da Bolarmu

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Sashen Tsabtace Muhalli
Daga: Malamin kimiyyar ƙasa, gidan ƙarshe, bayan tsohuwar masana'antar batir
Kwanan wata: 9 ga Yuni, 2023

Game da: Kwashe takin lambuna da sunan shara

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina rubuto wannan takarda cike da murna. A ranar 2 ga Yuni ma'aikatanka suka shigo lambuna da shebur, suka kankare shi tas, suka ba ni kambun Gida Mafi Tsabta a Unguwa. Uwargida ta yi guɗa. Ni ma na ɗan taka, duk da ciwon gwiwa. Sai dai akwai 'yan ƙorafe-ƙorafe.

1. Baƙin abin nan da suka kwashe, wanda shugaban ayarin ya toshe hanci ya kira bola, ruɓaɓɓen ganye ne da kashin awaki. Shekaru na yi ina tara shi. Maƙwabta sun daɗe suna cewa karatu ya taɓa ni, yanzu hukuma ta tabbatar musu.

2. Ƙasar unguwarmu mai tsami ce, kuma masana'antar ta bar mana gadon dalma, ƙarfen nan mai guba na cikin batir, a cikinta. Tsami yana narkar da dalma, ruwa ya ɗauke ta ya kai wa saiwa. Takin nan shi ke cafke ta ya riƙe gam, kamar ɗan sanda da kwalar ɓarawo. Ma'aikatanka sun tafi da ɗan sandan, sun bar mana ɓarawon cikin wuri mai tsabta.

3. Damina ta kama. Jikokina uku a wannan lambu suke cin alayyahu, kuma dalma ƙwaƙwalwar yaro take fara nema. Ƙaramar ba ta ma gama haƙora ba.

Don haka ina roƙo, cikin ladabi, a dawo da takin kafin ruwa na gaba, a haɗo da farar ƙasa don rage tsamin, a kuma auna ganyen.

Neman takin ba zai wahalar da kowa ba. Jiya na gan shi a gindin furannin ƙofar ofishinka. Masha Allah, sun yi shar! Amma ranka ya daɗe, furen ofis ba mai cin sa.

Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Malam Taki, kamar yadda unguwa ke kira na