Tsuntsuwar Baba a Kwarin Rusaifa

Jarwal, Makka
Farkon Jimada Sani, 1366

Zuwa ga yayata abar ƙaunata, Mairama, a Wad Madani, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar lafiyarki da ta Malam Lurwanu da yara. Yaya zafi, yaya aikin auduga? Ƙafar nan taki mai kumburi ta saɓe kuwa? Mu nan alhamdu lillahi, sai abu guda, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaya, Baba ba shi da lafiya. Ba ciwon jiki ba ne, don yana cin abinci, yana salla a Harami kamar kullum. Kansa ake zargi ya taɓu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ni kaina da nake rubutawa ban yarda da hannuna na rubuta ba.

Tun da zafi ya fara, da ya idar da sallar asuba sai ya ɗauki gorarsa ya nufi wani kwari a bayan Rusaifa, inda babu komai sai tsakuwa da itatuwan ƙaya jefi-jefi. Mun ɗauka shan iska yake zuwa yi. Ashe masu rakuma sun daɗe suna kallonsa. Wai yakan shafe jikinsa da ƙasa, ya kwanta rub da ciki, ya yi ta rarrafe, sannan ya tsaya cak yana kallon duwatsu har rana ta take. Wani lokaci yana yi musu fito a hankali, wani lokaci yana dariya shi kaɗai. Dattijo mai furfura, alhaji sau nawa, a kwance cikin tsakuwa! Yanzu in na zauna da farantin gyaɗata a bakin hanya, yaran unguwa sai su wuce suna cewa ga 'yar majanuni. Jiya na bi ɗaya da takalmi har ƙofar gidansu.

Kin san Yaya Dawuda da gudun abin kunya. Shi ne yanzu babba a cikin masu ɗiban ruwa na unguwarmu, ga shi kullum ana yi masa jaje a gaban yaransa. Ya tsare Baba ya tambaye shi, Baba ya ce wata tsuntsuwa ce ta yi ƙwai a ƙasa, ita yake dubawa. Yaya Dawuda ya bi shi har kwarin, Baba ya nuna masa wurin daga nesa, ya hana shi matsawa. Yaya Dawuda ya duba, ya sake dubawa, ya rantse mini babu ko gashin tsuntsu, dutse ne zalla. Ya dawo gida idonsa jawur.

Akwai wani Badawi, Balaraben ƙauye, mai lalas da Larabawa ke kai wa masu taɓin hankali. Yakan sa ƙarfe a wuta ya yi ja, a danne mutum, ya ɗora masa a tsakiyar ka da ƙeya. Yaya Dawuda ya aika a nemo shi. Na yi kuka, na yi faɗa, ya ce in ina da wani magani in kawo. Ba ni da shi, Yaya.

Ke kin san Baba a Gwaram lokacin yana farauta, ni ina goye aka baro gida. Don Allah, haka yake yi a da? Na san kafin amsarki ta zo an gama komai, amma dai ina tambaya.

Ki gaishe mini da Malam da yara, ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Shatu

Jarwal, Makka
Tsakiyar Jimada Sani, 1366

Yaya Mairama,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fata kuna lafiya ke da mutanen gida duka. Wasiƙar farko tana nan ƙarƙashin tabarmata, mutumin da zai kai ta ya ɗaga tafiyarsa, sai ki karanta su a jere.

Yaya, na gan ta! Wallahi tallahi na gan ta da idona!

Shekaranjiya na ajiye gyaɗa, na ja mayafi, na bi bayan Baba. Niyyata in kamo hannunsa in jawo shi gida ko yana so ko ba ya so. Ban yi nisa ba ya juyo, ashe tun daga Jarwal ya san ina biye da shi. Bai yi faɗa ba. Ya ce tunda na zo, in tuɓe awarwarona in rufe bakina. Ya sa ni na kwanta a tsakuwa, ni da girmana, na yi ta jan ciki a bayansa ina zagin kaina a zuci. Gwiwoyina har yanzu a saɓule suke.

Muka tsaya a gindin wata ƙaya. Ya nuna mini gaba da haɓa. Na duba, tsakuwa ce, jajaye da masu ruwan ƙasa, ba komai. Hawaye ya zo mini, na ce shi ke nan, gaskiyar Yaya Dawuda ce. Sai Baba ya raɗa mini cewa in daina neman tsuntsuwa, in nemi ido. Na yi ta zuru har wuyana ya ƙage. Can sai na ga wani ɗan ɗigo baƙi yana ƙyalli a jikin dutse. Ina kallonsa ya ƙifta.

Ke dai bari! Saura kaɗan in ƙwala ihu. Dutsen nan da na daɗe ina kallo, sai ga baki, ga wuya, ga fiffike, ga zane-zane a bayanta iri ɗaya sak da tsakuwar da take kai. Tana nan tun ɗazu, kusa da mu ƙwarai, tana kallona. Na kau da kai in share ido, na juyo, ta ɓace. Sai da na sake nemo idon.

Baba makwarwa yake ce mata, ko da yake ya ce ba irin ta gida ba ce, wannan ta fi kama da kurciya mai gajerun ƙafafu. Ba ta da sheƙa, ɗan gurbi kawai ta tona. Ya ce namijin ke kwana a kan ƙwan, ita kuma ta karɓe shi da safe ta sha ranar nan da ke ƙona tafin ƙafa, ba ta motsi, sai maƙogwaronta da ke kaɗawa. Da ta gyara kwanciya na hango ƙwai uku, su ma ba ki raba su da tsakuwa. Baba ya ce sun kusa ƙyanƙyashewa. Ya ce ya kashe irinsu ba adadi a dajin Gwaram, amma bai taɓa tsayawa ya ga yadda ɗan ke fitowa ba, kuma yana so ya gani kafin ya mutu. Fuskarsa a lokacin, Yaya, rabon da in gan ta haka tun Inna na da rai.

Na taho da gudu har mayafina na faɗuwa, na samu Yaya Dawuda a wajen ɗiban ruwa, na gaya masa. Kin san abin da ya yi? Ya dafe kai ya yi salati, ya ce abin ya shafe ni ni ma. A gaban mutane! Na gaya masa maganganun da ba a gaya wa wa, Allah ya yafe mini. Ramlatu matarsa ce ta shiga tsakani, ta lallaɓa shi har ya yarda zai sake zuwa sau ɗaya, da shaidu. In bai gani ba, mai lalas ya riga ya iso gari, ranar Asabar za a yi.

Na ce wa Baba abin ya zo da sauƙi, in sun zo ya ɗan matsa ta tashi kowa ya gani. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce kwarin nan cikin iyakar Harami yake, a nan ba a farauta, ba a ko firgita dabba daga inda take. Ya ce ya tako ƙasa tun daga Gwaram don ya zo inda tsuntsu ba ya tsoronsa, ba zai zama shi ne mai korar ta daga kan 'ya'yanta ba. Na ce to ƙarfen fa? Ya ce ƙarfe ai hucewa yake yi.

Ban iya cin abinci ba tun jiya. Ki gaida kowa.

Taki,
Shatu

Jarwal, Makka
Ƙarshen Jimada Sani, 1366

Yayata Mairama,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Lurwanu da yara, da fatan Allah ya bar ku cikin ƙoshin lafiya. Mai kai saƙon zai tashi zuwa Jidda gobe, ya ce kada in ƙara riƙe shi. Ki zauna kafin ki karanta wannan.

Ranar Juma'a da hantsi muka tafi: ni da Baba, da Yaya Dawuda, da dattawan unguwa biyu. Badawin nan ma ya biyo mu, wai zai ga yadda ciwon ke tashi, da ƙarafansa a cikin jakar fata suna ƙara a kowane taku. Baba ya roƙe su su kwanta. Suka dubi juna. Wa zai kwanta a tsakuwa da fararen kayan Juma'a? A tsaye suka yi cirko-cirko suna kare ido da hannu.

Ni na gan ta, domin na san inda zan nemi idon. Na nuna, na kwatanta, na ce ga ta kusa da farin dutsen can, na rantse da duk abin da na sani. Ɗaya dattijon ya girgiza kai ya ce Allah ya sawwaƙe, gida ɗaya mutum biyu. Yaya Dawuda ya fusata, ya ce bari ya je ya ɗauko dutsen ya kawo wa Baba a hannu a huta. Baba ya riƙe masa riga, ya fizge. Ya yi ta takawa yana dube-dube har ya tsaya daf da ita, inuwarsa a kanta. Yaya, ba ta motsa ba! Ta lafe, ta runtse ido, ni ma ta ɓace mini. Ya buɗe hannuwa ya juyo yana tambaya ina take.

Na dubi Baba. Tafi ɗaya zai yi a gama. Hannuwansa na bayansa, bakinsa na motsi da tasbihi. Na ji Badawin yana ce wa dattawan a samo masa maza huɗu masu ƙarfi su danne Baba gobe, don tsohon da sauran ƙarfinsa.

Ban san lokacin da na duƙa ba. Na dumbuzo tsakuwa na watsa.

Fir! Ta tashi daga tsakanin ƙafafun Yaya Dawuda da wani kuka mai kaifi, fiffikenta ya bugi rigarsa. Dattawan suka ɗauki salati, Badawin ya saki jakarsa. Yaya Dawuda ya zabura ya ja da baya, ya yi tangal-tangal, diddigensa ya sauka a gurbin. Na ji ƙarar, Yaya. Har yanzu ina jin ta.

Ƙwan duka ukun sun fashe. Ba kwaiɗuwa ba ce a ciki, 'ya'ya ne cikakku, da gashinsu jiƙe mai zane irin na uwar. Ɗaya yana buɗe baki. Baba ya durƙusa ya tara hannuwansa yana yi masa inuwa har ya daina motsi. Uwar ta sauka can nesa tana kai da kawowa. Yaya Dawuda ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ya kasa sauke ta, yana kuka kamar yaro. Baba ya tona rami da yatsunsa ya rufe su, ya karkaɗe hannu, ya ce mu tafi kada mu rasa Juma'a.

An sallami mai lalas. Yaya Dawuda ya faɗi a ƙafafun Baba ya nemi gafara, Baba ya ɗaga shi ya ce bai gani ba ne, wanda bai gani ba ba shi da laifi. Ni ina tsaye a wurin. Mun je wurin malami ya faɗa mana abin da za mu ciyar na fansa, mun ciyar. Dattawan nan kuwa sun zagaye Jarwal da labari, yanzu yaran da ke tsokanata su ke rige-rigen ɗaukar wa Baba buta.

Amma Baba bai ƙara fita ba sai masallaci. Yana dawowa zai zauna a ɗaki ya fuskanci bango. Ba fito, ba dariya. Maƙwabta suna shigowa suna cewa ma sha Allah, tsoho ya natsu. Ina ji kamar in kore su da muciya.

Kansa lafiya lau, Yaya, babu tabon wuta ko ɗaya, kuma ni na yi wannan. Da za a mai da ni kwarin, ina jin zan sake watsa tsakuwar, Allah ya gani. Sai dai tun ranar bai kira sunana ba. Ba ya yi mini faɗa. In na gaishe shi yana amsawa. In na kai masa shayi sai ya bar shi ya huce, Ramlatu ta kawo wani ya sha. Da ya zage ni ko ya ɗaga mini sanda, da na fi samun sauƙi.

Ina roƙonki abu ɗaya. Ki rubuto wa Baba wasiƙa tasa ta kansa, ko gajeriya ce. Idonsa ba ya ganin rubutu yanzu sai abin nesa, kuma duk gidan ni kaɗai ke karatu, dole ya kira ni.

Ki gaida Malam da yara da duk mai tambayata. Allah ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarki mai kewarki,
Shatu