Abin da Ya Tsiro a Kwale-kwalen Baba

Zuwa ga Yayana,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya iyali, ya ƙarfin ƙafar? Allah ya ƙara afuwa.

Kai ne kafinta, kai da marigayi Baba kuka haɗa kwale-kwalen nan da nake fito da shi, shi ya sa na kawo ƙara wurinka. Wani abu ya tsiro a cikinsa, ƙarƙashin bencin baya inda ruwa ke kwanciya. Launinsa ruwan goro ne, a nannaɗe kamar ƙwaƙwalwar rago, in ka taɓa shi sai ya yi ta rawa. Ba shi da wari, ba kara, ba hula irin ta naman kaza. Rana na bugawa sai ya ƙanƙance ya zama ɓawo, in ce na huta. Ana yayyafi kuma ya sake kumbura.

Matata ta ce ƙwan kwaɗo ne, ni na ce ƙaro ne. Fasinjoji kuwa sun sa ni gaba, wai na fara noma a kan ruwa. Ina dariya, amma hankalina bai kwanta ba. Mene ne wannan abin?

Ƙaninka,
Mai Fito

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Amsarka ta iso. Ka ce dangin naman kaza ne, ba ya fita sai a mataccen itacen da ya sha ruwa, kuma wanda nake gani kaɗan ne, sauran yana cikin katako.

Na yi gwajin da ka ce. Da yatsa kawai na tura ƙusa a katakon, ta shige har kai. Wuri tara na gwada, duk haka.

Laifina ne. Bara ka ce in bar kwale-kwalen ya bushe sati biyu kafin in shafa kwalta. Kwana uku na yi, don kar wani ya kwashe min fasinja. Ni na rufe ruwan a ciki da hannuna.

Na ja shi tudu. Yau da safe mata masu kaya sun yi ta kirana daga ƙetare, na zauna kamar ban ji ba. Kunya nake ji, Yaya, da tsoro. Shekara talatin ban iya komai ba sai tuƙi.

Ka ce za ka zo ka sauya katako. Kada ka taso da wannan ƙafar, babu inda ƙusa za ta kama. Na ɓalle katako guda na ba matata ta sa a murhu, ko wutar bai kama ba.

Ka gaida yara. Ka sa ni a addu'a.

Ƙaninka