Itacen Gwamnati Ya Mutu, Gawo Ya Fito

Zuwa ga Baba Ɗangana, mai filin shawarwari.

Baba, don girman Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Ka yi haƙuri da rubutuna, bana na koyi boko a ajin yaƙi da jahilci. Ba zan faɗi sunan ƙauyenmu ba, ka dai san muna bakin hanya tsakanin Agiye da Gazawa.

Ni gurgu ne tun ina ƙarami, shan inna ta taɓa ƙafafuna biyu, da hannu nake tafiya. Sana'ata tufkar igiya, da ita na yi aure, ban taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Matata sunanta Kadi, mutuniyar Gangara ce.

Bara, shekara biyu da samun mulkin kai, aka yi shela cewa gwamnatin ƴan ƙasa ba za ta bar musakai a baya ba. Aka tara mu a Agiye, makafi da guragu da kutare, kwana uku muna gindin bango ana rubuta sunayenmu. Ran na huɗu wani ma'aikacin buro, wato ofishin gwamnati, Mushe Dalhatu (Mushe shi ne Malam a bakin Faransawa), ya yi mana dogon jawabi da Faransanci. Tafinta ya ce ma'anarsa mu yi murna. Muka yi. Ni kaɗai aka ba aiki, sauran aka ce su koma gida, an san da su.

Aikin shi ne gadin itace arba'in da aka dasa a bakin hanyar ƙauyenmu, da ba su ruwa. Wani irin itace ne da aka ɗauko daga bakin teku, har yau bakina bai iya sunansa ba. Ran dashe an yi kiɗa, an yanka raguna, motoci bakwai suka zo. Aka ce za a aiko mini da jaki da tuluna. Abin da ya iso hula ce da usur da takarda mai hatimi.

To Baba, rijiyarmu ɗaya ce, zurfinta gaba talatin, kuma tana bayan gari. Ban sani ba ko wanda ya zaɓi gurgu ya yi aikin ban ruwa ya taɓa ganin gurgu, ko ya taɓa ganin rijiya. Kadi ce ta ɗauki guga. Ita ke ja, ita ke ɗauka, ita ke zubawa, ni kuma ina inuwa da hula ina busa wa awaki usur. Takardar ta ce itacen gwamnati ke fara sha, saboda haka matan gari sai su tsaya da tulunansu har ta gama. Yanzu ko suna aka yi ba a aiko mata da goro.

Bazara na shigowa itacen suka bushe ƙaf. Na hau motar kasuwa na je na faɗa wa Mushe Dalhatu. Ya rufe ƙofar buro ya ce in rage murya, shi ya riga ya aika rahoto sama cewa arba'in na nan da ransu, kuma abin da takarda ta raya ba bakin gardi, wato mai gadi irina, ne zai kashe shi ba. Ya ce in ci gaba da ban ruwa. Haka Kadi ta yi wata huɗu tana shayar da busassun sanduna. Cikin watannin nan mota ta zo sau uku tun daga Maradi da farar ƙasa, aka shafa wa shingayen da aka kewaye itacen da su don su yi kyan gani. Igiyar rijiya da ta tsinke kuwa ni na tufka wata.

Sai ga ikon Allah. Takin awakin da Kadi ta zuba a ramukan ashe da iri a ciki. Ga ruwa, ga shinge, da damina ta sauka sai gawo ya tsiro a ramuka ashirin da bakwai, aduwa a shida. Yanzu wasu sun kai gwiwar mai tsayuwa, kore shar.

Ga inda matsalar take. An ce bayan girbi wani babban baƙo zai biyo hanyar ya ga itacen. Mushe Dalhatu ya zo ya duba, ransa ya ɓaci, ya ce wannan ƙaya ba ta cikin tsari. Ya ce in tuge su duka, ran zuwan baƙo in sa a saro ɗanyun rassa a kafa a ramukan, motar baƙon ba tsayawa za ta yi ba. Bayan kwana biyu sai ga Idi, ma'aikacin gandun daji, a kan doki. Shi kuma ya ce gawo na cikin itacen da doka ta tsare, duk wanda ya tuge ko ɗaya sai gaban jandarma, haka ma wanda ya sari ɗanyen reshe. Na ce mishi ai gwamnati ce ta ce in tuge. Ya ce shi ma gwamnati ne.

Kadi kuma ta rantse in na taɓa abin da ta shayar da ƙashin bayanta, za ta naɗe tabarmarta ta koma Gangara. Tana da ciki wata biyar. Kuma Baba, akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Ran nan ta makara a rijiya tana hutawa, na je na busa mata usur a gaban mata, kamar akuya. Ta tashi ta ɗauki tulu. Tun ran nan abinci kawai take ajiye mini.

Za ka ce in ajiye aikin. Amma shekara talatin da biyar ana kirana gurgu, sai da hular nan ta hau kaina aka fara ce mini Gardi, har maigari na tambayar ra'ayina. In tuge, ko in bari?

Naka cikin damuwa,
Gardin Itace Arba'in

*

Gardi, ɗana, sannu da aiki, ko da yake wadda ta fi cancantar sannun ba ita ta rubuto ba.

Kada ka tuge ko ɗaya. Wannan na fara faɗi don kada ka gaji da karatu kafin ka kai wurin.

Ba na zargin gwamnati da mugun nufi. Shekararta uku da haihuwa, ta ga musakai ta ji tausayi, ta ga daji na ƙarewa ta ji tsoro, sai ta haɗa maganin biyu a ƙwarya ɗaya ta manta ruwan da za a dama da shi. Mushe Dalhatu ma ba azzalumi ba ne, matsoraci ne wanda alƙalaminsa ya riga idonsa isa ƙauyenku. Irinsa ba a yi mishi gardama, hanyar fita ake nuna mishi.

Ka roƙi maigari ya gayyato shi da Idi rana ɗaya, a zaure ɗaya, gaban dattawa. Cikin ladabi ka ce kai ɗan yaƙi da jahilci ne, kowa ya rubuta maka umarninsa ya sa hannu don kada ka manta. Na yi shekaru ina shiga buro-buro, ban taɓa ganin wanda ya sa hannu a kan a kafa rassan ƙarya ba. Da Mushe Dalhatu ya kasa sa hannu, sai maigari ya yaba mishi kan hikimar da ya yi ta gwada itacen gida a ramukan gwamnati. Nan take zai tuna lalle shi ya tsara hakan tun farko. Ku bar mishi. Suna yake so, ku inuwa kuke so, ba ku da abin faɗa a kai. Tun bakinsa na buɗe da murna ka tuna mishi da jakin.

Sai ruwa. Gawo da aduwa ba baƙi ba ne, da saiwarsu ta kama ƙasa ba sa jiran tulun kowa. Tsaro daga awaki suke bukata, wannan kuwa aikin da kake iyawa ne da kanka. Daga yau Kadi ta ajiye guga, matan gari su karɓi rijiyarsu. Kana zaune gadi ka koma tufkarka, hannunka bai manta ba.

Na fahimci zancen hula, ba zan yi maka dariya ba. Mutumin da aka daɗe ana kira da ciwonsa yana da haƙƙin ya ji daɗin a kira shi da aikinsa. Amma ka tufka igiya ka ciyar da gida tun kafin a san za a yi gwamnati, kuma Kadi ta baro Gangara ta aure ka kanka ba hula. Abin da ka yi mata a rijiya ya fi mutuwar itace arba'in muni. A gaban mata ka yi shi, saboda haka ba a ɗaka za ka gyara shi ba. Ka je rijiyar da hantsi lokacin da ta cika, ka ba ta haƙuri da babbar murya, ka faɗa wa kowa cewa duk wani kore da ke bakin hanyar nan aikinta ne. Za su yi guɗa, wasu su yi maka tsiya har kaka mai zuwa. Ka jure.

Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za ta haifa, ya ba shi tsawon ran da zai ɗaure dabbarsa a gindin gawon uwarsa.

Naku,
Baba Ɗangana