Kwakwa Dala Tara

Lahadi, 11 ga Agusta

Mun shiga jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a Port Klang bayan azahar. Penang, Phuket, mu dawo ranar Alhamis. 'Yarmu Izzati ce ta biya, wai kyautar cika shekara talatin da biyar da aurenmu. Yarinyar nan albashinta nawa ne? Na yi faɗa har na gaji, ba wanda ya saurare ni.

A nan ba a karɓar kuɗi a hannu. An rataya wa kowa kati a wuya kamar ɗan makaranta, shi ne makullin ɗaki, shi ne aljihu. Abinci kyauta ne, amma abin sha mai daɗi sai ka miƙa kati an goga. Izzati ta haɗa katunanmu da asusunta na banki. Maigidana, Abang Shukor, ya ce allambaram, shi ba zai sha ko shayi da kuɗin 'yarsa ba. Ya ja ƙafarsa har teburin ma'aikata, ya zube kuɗin ƙasarmu, ringgit ɗari shida, ya ce a sa masa a kati. Ban san yaushe ya tara su ba. Mijina ke nan.

Litinin, 12 ga Agusta

Dama na sani. Belanja ta motsa, wato halinsa na biya wa jama'a.

Tun da na aure shi nake fama da wannan ciwo nasa: in an zauna shan shayi sai ya riga kowa biya, ko da shinkafa ta ƙare a gida. Yau ya samu wani Teoh, tsohon malamin makaranta daga Ipoh, da matarsa, da wasu tsofaffi biyu. Kwakwa mai sanyi ga kowa, sau biyu! Teoh ya ɗaga katinsa, Abang ya danne masa hannu.

"Ajiye, malam, ajiye! A gabana? Kwakwa tara-tara, ai a Klang ma ta kusa haka."

Na harare shi har idona ya yi zafi, ya yi kamar bai gani ba.

Amma ya yi dariya yau. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ya bar tuƙin bas, ko rumfar shayin unguwa ba ya zuwa, don ba shi da abin biya wa kowa. Na manta cewa haƙoransa na gefe sun zube sai da ya buɗe baki haka.

Talata, 13 ga Agusta

Innalillahi. Ashe taran nan ba ringgit ba ce, dala ce.

Izzati ce ta nuna mini a wayarta muna jiran sauka Phuket. A jirgi komai da dalar Amurka ake lissafi, ga kuma ladan hidima da suke ɗorawa da kansu. Ɗari shidan Abang sun ƙare tun jiya da la'asar. Duk abin da ya goga daga nan, asusun yarinyar yake tafiya.

Na miƙe zan je in same shi, ta riƙe mini mayafi.

"Mak, don Allah ki rufa mini asiri. Ki bar Abah. Yaushe rabon da ki ji muryarsa daga nesa?"

"Ke kuma ki ci me a ƙarshen wata? Iskar teku?"

Ta yi dariya, amma na ga yadda take kallon wayar. Tausayinta ya kama ni, nasa ma ya kama ni, haushin su biyun ya haɗu ya tokare ni. Ban gaya masa ba. Ya ƙara goga shayi biyar da yamma, ina zaune ina ninkawa da huɗu a zuci.

Laraba, 14 ga Agusta, da hantsi

Ya sani. Teoh ne, cikin wasa, bai san abin da ya yi ba: "Shukor, rijiyar mai gare ka a Klang? Kwakwa ɗaya kusan ringgit arba'in, kai ko a jikinka!"

Abang ya yi murmushi, ya tashi a hankali ya nufi teburin ma'aikata. Da ya dawo ɗaki sai ya cire katin daga wuya ya ajiye a kan gado. Abu ɗaya ya ce: "Ashe da kuɗin yarinya nake ta burga."

Da ya yi faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Laraba, bayan azahar

Bai ci abinci ba. Yana zaune yana kallon ruwa.

Alhamis, 15 ga Agusta, a gida

In rubuta yadda aka yi, don kada gobe in ce ba ni ba ce.

Kuɗin adashina da na ɗauka a watan nan suna cikin jakata, don ban yarda in bar su a gida ba kowa ba. Jiya kafin la'asar na kai su teburin nan. Na ce a mayar wa Izzati nata, a cire sunanta daga katin babanta, abin da ya saura a zuba masa. Ma'aikaciyar ta ƙirga, ina kallon kowace takarda tana tafiya.

Na koma na rataya masa katin a wuya. Na ce kuɗin gidanka ne a ciki yanzu, ba na kowa ba.

"Na injin wankin da kike tarawa?"

"Hannuna ya karye ne? Tashi, mutane na jira."

Mun samu su Teoh a inda suka saba zama. Aka kawo kwakwa, Teoh ya ɗaga kati, Abang ya bar hannuwansa a kan cinya kamar baƙo. Ban san lokacin da na taka masa ƙafa mai lafiyar ba.

"Abang, mutumin Ipoh zai riga ka, kana kallo?"

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya miƙa katin, Teoh yana ihun an zalunce shi. Na shanye tawa, na kankare naman ciki tas da cokali, don ringgit arba'in ba zan bar musu ko ɓurɓushi ba.

Har yanzu wauta ce, ban canza ra'ayi ba. Sai dai ɗazu na ji yana tambayar Izzati ko mutanen rumfar shayi suna nan suna zama bayan sallar Juma'a. Farar rigarsa ta yamutse a akwati. Bari in nemo dutsen guga.