Takalman Baba

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da Baba, ya maiɗakinka da yara? Ni lafiya lau, sai tsayuwar guga da ke kumbura min ƙafa, wannan kuwa ba a rasa ba.

Jiya na koma shagon da na sayi kyamarar da ka liƙa mana a tsakar gida. Mai shagon ya nuna min wata. Ita ma ba ruwanta da jan waya, amma tana juyawa, tana ɗaukar murya, har a ɗaki ana sa ta. Na ɗauka, na ajiye, na sake ɗauka.

Ga abin da ya kai ni. Kullum da hantsi Inna takan ci kwalliya kamar mai zuwa unguwa, ta zauna daidai inda nake ganinta a wayata, ta ɗaga min hannu. Amma takalman Baba yau kwana tara suna bakin ƙofarsa, ɗaya a kan ɗaya. Ko shara zagaye su ake yi. Mutumin da zazzaɓi ma ba ya zaunar da shi! Na tambayi Inna, ta ce ya fita. Da me ya fita?

Ban ga laifinku ba. Ni ma in zan kira ku, bangon da ya fi kyau nake jingina da shi.

Allah ya ƙara muku lafiya. Amma don Allah, Yaya, kada ka lallashe ni. Kyamara zan saya, ko tikitin dawowa gida?

Ƙanwarka